Uwar Ɗan Cin Rani



Kaka ta wuce. An yanke gero da dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, an rore wake, an ɗora harawa bisa itace saboda awaki, sanyin hunturu kuma ya fara sauka. Duk wanda ya bi ta tashar mota a Gumel ko Dutsin-Ma ko Illela ko Matamai a 'yan makonnin nan ya ga abin da ke biyo bayan kaka: samari riƙe da 'yar jaka ko buhu, wasu sun ɗare kan lodin albasa, wasu a bayan tirelar shanu, an nufi Kudu. Wasu kuwa arewa suka fuskanta, sai Agadas, daga can sai inda Allah ya yi. An sha magana a kan waɗannan matafiya. Yau ina so mu tsaya a gida, wurin uwar da ta tashi tun kafin kiran assalatu ta ƙulla wa ɗanta ƙuli-ƙuli da dawon fura a leda, ta ce "Allah ya tsare, Allah ya ba da sa'a", sannan ta juya ta shige ɗaki don kada a ga idonta.

Tafiya neman abinci tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu fatake sun yi ta bin hanyar Gwanja da jakuna don sayo goro, tafiyar watanni. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take, ga zangon Kumasi, ga waɗanda suka tafi haƙar kuza a Jos, ga waɗanda suka kama hanyar Makka a ƙasa suka yada zango a Sudan har jikokinsu suna can yau. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. A yawancin ƙasarmu ruwan sama wata huɗu yake yi, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin ƙasa a bushe take. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu, yanzu magidanta bakwai ko takwas ke kallonta. Saurayi mai ƙarfi a jika ba zai zauna gindin bishiya wata bakwai yana cin abin da ke rumbu ba, alhali ya san rumbun ba zai kai su damina ba. Fitarsa ma taimako ce, baki ɗaya ya ragu a kan tukunya. Uwa ta san wannan lissafi fiye da kowa, domin ita ke auna hatsin da ake dakawa kullum. Shi ya sa ba ta hana shi.

Abin da ya canza shi ne tsawon tafiyar da kuma hatsarinta. A da ɗan cin rani agogonsa hadari ne. Da ya ga gabas ta fara haɗa gira sai ya ɗaure kayansa, ruwan shuka ya same shi a gida. Yanzu ana tafiya a shekara biyu, uku, ba a leƙo ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota daga Legas zuwa Kano, tafiyar kilomita kimanin 1,000, ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu. Yaro ya duba abin da ya tara daga turin baro ko ga-ruwa ko gadi, ya ga in ya zo Sallah ya koma babu abin da zai rage, sai ya ce bari ya aika da kuɗin ya haƙura da zuwan. Hankali ne, ban ce ba hankali ba ne. Amma a can gida akwai wadda ta share ɗakinsa tun ana sauran kwana uku Sallah.

To, jama'a, a nan ne nake so mu daɗe kaɗan, domin akwai wani abu a al'adarmu da ke sa damuwar uwa ta fi nauyi, kuma mu 'ya'ya maza ba mu cika lura da shi ba. Bahaushiya, musamman ta karkara, an rene ta da kunya da kara. Ɗanta na fari ba ta faɗin sunansa. Ba ta zama ta yi hira da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an yi masa laifi ba ita ke shiga ba, sai kishiya ko gwaggo ta tsaya masa. Wannan kawaici abin yabo ne, da shi aka riƙe manyan gidaje aka zauna lafiya. Sai dai ranar da yaron ya yi nisa, kawaicin nan ba ya barin ta ta buɗe baki ta ce ina kewar ɗana. In ɗan maƙwabta ya dawo daga Fatakwal, mata suka taru ana yi masa barka da zuwa, ita ce ta ƙarshe da za ta yi magana, kuma abin da za ta ce bai wuce "Kun baro mutanen can lafiya?" ba. In ta daure ƙwarai ta ƙara da "Ka ga yaron nan kuwa?" ko "Mai sunan Malam fa?" Shi kuma ya ce, "Yana nan lafiya, Inna, ya ce a gaishe ki." Ba maganar take saurare ba sosai, fuskarsa take karantawa: ya kalle ta da ya faɗa, ko ya sunkuyar da kai? Ya amsa nan take, ko ya ɗan yi jim?

Damuwar irin wannan uwa kamar wutar ƙaiƙayi take, sama toka, ƙasa tana ci. Ana gane ta ne a ƙananan abubuwa. Ta kwashe tuwo ta ga ta zuba malmala ɗaya fiye da mutanen gidan. Ta hana a sayar da tunkiyar da ya bari ko da an shiga matsi, ta ce ba tata ba ce. Ta daina barci bayan tsakar dare, a ce mata me ya faru, ta ce sauro ne. Rediyo ba ya barin gefen tabarmarta, kuma ita da ba ta taɓa wuce kasuwar mako ba ta san sunan Agege da Mile 12 da Mararraba da Tamanrasset, domin duk labarin da aka ambaci garin da ɗanta yake sai gabanta ya faɗi. Mu da ke wannan aiki na rediyo ya kamata mu riƙa tuna cewa idan muka karanta "an yi rikici a wata kasuwa a Kudu" ba mu faɗi wace kasuwa ba, mun hana dubban iyaye mata cin abincin dare.

Kuma kada wani ya ce tsoron nata na rashin sani ne. Ta ji abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, inda saɓani tsakanin mutum biyu ya zama ƙone-ƙone da asarar rayuka, mutane suka kwaso 'yan komatsansu suka dawo Arewa. Ta ji na Uromi a jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta da ke kan hanyarsu ta komawa Kano yin Sallah, aka kashe mutum 16. Iyayen waɗannan bayin Allah suna gida suna jiran tsaraba, gawa ma ba su gani ba. Uwar da ke Maraɗi ta ji ramin zinaren da ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa a watan Nuwamban 2021. Ta Damagaram da ta Tawa sun san ana kwaso mutane daga Aljeriya a zube su cikin hamada, su taka kilomita 15 a ƙasa kafin su kai Asamaka. Tun da aka gano zinare a Jado a 2014 samari nawa suka bi hanyar nan, kuma a garuruwa da yawa akwai gidan da har yau ba a ce ɗansu ya mutu ba, ba a ce yana raye ba.

Ko babu mutuwa akwai karyewar sana'a. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, a Kano a 2013, a manyan sassan Legas a 2020, aka sake tsanantawa a 2022, har ana murƙushe baburan da aka kama. Babur ɗin nan sau da yawa bijimin gida aka sayar aka saya, ko bashi aka ɗauka ana biya kaɗan-kaɗan. Rana ɗaya a ƙwace shi, yaro ya wayi gari ba jari, ba kuɗin mota, ga bashi.

Daga nan ne shiru ke farawa, kuma shirun nan shi ne abin da ya sa na ɗauko wannan magana yau.

A da, kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, labari sai ta bakin direba, ko wasiƙar da za a kai wa malamin makaranta ko mai karanta ajami ya karanta, ko kaset da ɗan cin rani zai ɗauki muryarsa ya aiko, a taru a tsakar gida a saurara. Wata uku ba labari ba abin tashin hankali ba ne a lokacin, kowa ya san nisa. Yau kuwa waya na aljihun kowa, saboda haka shirun mako biyu ya isa ya kwantar da tsohuwa. Ku dubi wahalar da take sha kafin ta ji muryarsa. Wayar sau da yawa ba tata ba ce, ta ƙaninsa ce ko ta maƙwabci. Sai an kai ta wurin mai caji an biya. A wasu ƙauyukan sai an hau tudu ko an je bakin makarantar firamare kafin a samu sabis. Ita kuma ba ta fita sai da dare. Duk a yi wannan, a buga, a ji wayar a kashe. A sake gobe, a kashe. Mutanen Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato sun ɗanɗani mafi munin wannan a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni suka shuɗe, uwa ba ta san halin ɗanta ba, ɗa yana Legas yana jin an kai hari yankinsu bai san ko tana raye ba. Domin yanzu fargabar ta zama ta ɓangare biyu, ƙauyen da aka baro shi ma ba a kwana da ido biyu rufe.

Amma yawancin shirun da nake magana a kai ba gwamnati ce ta rufe layi ba. Yaron ne da kansa ya kashe wayar, ko ya ga kiran ya ƙi ɗauka. Na zauna da irin waɗannan samari a rumfar mai shayi, kuma amsarsu kusan ɗaya ce: "Malam, in na kira me zan ce? Wata biyu ban aika ko sisi ba." Kunyar babu ce. A ransa kiran gida da aiken kuɗi abu ɗaya ne, in babu na biyun to na farkon ma bai halatta ba. Sai ya ce bari in samu tukuna. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, kunyar tana ƙaruwa, har ya kai matsayin da ko ya samu ɗin ba ya iya kira, don bai san ta inda zai fara ba.

Ɗan'uwana da ke saurarena yanzu a bakin gadi, ko a ƙarƙashin gada, ko a ɗakin da kuke kwana ku goma, ka ji wannan da kyau. Innarka ta san babu tun kafin a haife ka. Ta ga shekarar da aka ci tafasa da rama ba gari, ta ga daminar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Rashin kuɗinka ba zai ba ta mamaki ba, kuma za ta iya da shi, ta dama koko ta sayar, ta yi daddawa, ta matse gyaɗa. Abin da ba ta iyawa da shi shi ne rashin sanin ko kana numfashi. Ka kira ka ce, "Inna, ina wuni? Abubuwa sun ɗan tsaya, amma ina lafiya, a sa mu a addu'a." Ba zai ci maka katin naira ɗari ba. Za ta ce, "To, Allah ya buɗa, Allah ya yi maka albarka. Kana dai cin abinci?" Daren nan za ta yi barci.

Ina kuma roƙon a rage ɓoye wa juna gaskiya. Shi yana kwance da zazzaɓi a kangon gini, ya ce lafiya lau. Ita ƙafa ta kumbura ba ta iya zuwa rijiya, ta ce lafiya lau, har ta gargaɗi yaran gida kada wanda ya gaya masa, wai kada a ɗaga masa hankali yana nema. Kowa na tausayin kowa, amma sau nawa muka ga an kira mutum an ce ya zo maza jikin tsohuwa ya yi tsanani, ya kwana biyu a mota, ya tarar an dawo daga maƙabarta? Da an gaya masa tun ciwon yana ƙarami, da ya zo sun gana. Wannan nadama ba ta barin mutum har ya tsufa.

Mu ma na gida muna da namu laifin, kuma ba zan tsallake shi ba. Mu ne muka mayar da kiran waya wurin karanta buƙatu. Yaro ya kira, kafin ya gama gaisuwa an miƙa wa wannan, an miƙa wa wancan: kuɗin taki, bikin 'yar gwaggo, sunan matar yaya, jinkar ɗaki ta zube. Ga gorin da ake yi a fakaice, ɗan gidan wane ya yi wa uwarsa rufin kwano, ɗan wance ya aiko da babur. Ba a tambayar ta wace hanya ɗan wanen ya samu. Irin wannan magana ita ke sa yaro ya kashe waya, ita ce kuma ke tura wani ya bar dakon da yake yi lafiya ya shiga ramin zinare ko ya hau motar Libiya. Abin lura, ba kasafai uwar ce ke wannan gorin ba. Ita tana gefe tana jiran a miƙo mata wayar, sau da yawa kafin a zo kanta kuɗin sun ƙare.

Ga kuma kayan da tafiyar ke bar mata. In yana da aure, matarsa da 'ya'yansa suna hannunta. Ita ce mai rarrashin suruka in ta gaji da jira, ita ce mai goya jika zuwa asibitin sha-ka-tafi, ita ke amsa tambayar iyayen yarinya in sun aiko a ji ko mijin ya yi aike. In damina ta faɗi bai dawo ba, tsohon da ke gidan ba ya iya sunkuyon noman firi, sai a nemi 'yan ƙwadago, gayya kuwa ta yi wuya tunda samarin da za a gayyata duk suna can. Akuyar da ta yi shekara tana kiwo don ta fita kunyar biki, ita za a kai kasuwa a biya maimai. In shirun ya yi tsawo har magana ta kai gaban alƙali, a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace ana yanka mata jiran shekara huɗu, in kuma babu ci da sha tana iya neman a raba auren kafin haka. Ku auna zuciyar uwar da za ta zauna a yi wannan shari'a a kan ɗanta, a tafi da jikokinta wani gida, ita ba ta san ko za ta yi masa addu'ar rayayye ko ta mamaci ba.

Wasu in sun ga tana rama sai su ce, "Haba Iya, ki yi tawakkali mana, ai namiji ne, ba yaro ba ne." Ina ganin wannan magana ba ta dace ba. Annabi Yaƙub, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya fi mu tawakkali nesa ba kusa ba, amma baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf ya taɓa masa gani, shekaru suna tafiya bai daina tambaya ba, kuma Allah bai zarge shi a kan haka ba. Gemun ɗa ba ya rage wa uwa komai. Maimakon wa'azi, a taimaka mata a nemo labari.

Hanyoyin nemowa kuwa suna nan, in an tsara tun kafin a tafi. Kada saurayi ya bar gida ba a san takamaiman garin da ya nufa da unguwar da zai sauka ba, "Kudu" ba adireshi ba ne. Ya bar lambar mutum na biyu, abokin tafiya ko mai masauki, domin waya tana faɗuwa, ana sace ta, layi yana rufewa. Ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa a jikinsa, ya kuma kai kansa wurin Sarkin Hausawan garin da ya sauka, a san da shi. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da na tasha a Kudu suna ƙoƙari wajen karɓo gawa da belin wanda aka kama, amma da za su riƙe littafi su rubuta sunan duk baƙon da ya zo da garinsu da lambar gidansu, da cigiya ta yi sauƙi. Masu unguwanni da dagatai a gida su ma za su iya yin haka lokacin da motoci ke tashi. Kai kuma maƙwabci mai waya, kada ka jira ta roƙe ka, ka san ba za ta roƙa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko ka aika yaro ya ce, "Inna, Baba ya ce ko a buga wa Yaya ku gaisa?"

Maganar hukuma gajeriya ce. Duk wanda ya je Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsa gonaki, ko Galmi da Ƙonni lokacin albasa, ya ga samari a fadama cikin watan Janairu suna ban-ruwa, da yamma su ci tuwon gidansu. Ga madatsar Bakolori, ga ta Goronyo, ga ta Zobe da aka gama tun 1983 ta daɗe ruwanta na kwance ba a ci moriyarsa yadda ya kamata ba. A gyara hanyoyin ruwa, a ba manomi tsaron da zai je gonarsa ya dawo, a ga ko motocin da ke tashi bayan kaka ba za su ragu ba.

Ƙofar wannan fili namu na rediyo a buɗe take ga masu cigiya. Duk wadda ɗanta ya yi shiru, ta sa a rubuto mana sunansa da garinsu da inda aka ji ɗuriyarsa na ƙarshe, za mu karanta, domin muna da masu sauraro a zango-zango har Gana da Kamaru da Libiya. Wanda kuma ya ji an ambaci abokin kwanansa, ya daure ya isar masa. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki batun matan 'yan cin rani da abin da shari'a ta tanadar musu, tare da wani malamin fiƙihu a nan ɗakin watsa shirye-shirye. Sai mun ji daga gare ku.